Hukuncin Tururuwa

A ƙauyenmu, can tsakanin Daura da Sandamu, tururuwa ce ta yi mini shari'a. Ita ce alƙali, ita ce shaida, kuma a zama ɗaya ta raba ni da 'yata ta fari tun ba mu yi arba'in ba. Na san mai karatu zai ce tsohuwar nan ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba, da hankalina garau, haushin ne dai har yau bai gama fita ba, shi ya sa in na tashi ba da labarin nake faɗawa tsakiyarsa. Bari in koma baya.

Shekarar ita ce wadda kuɗin fetur suka fashe wa ma'aikatan gwamnati, aka yi musu ƙarin albashi har da cikon na baya. Mu mutanen karkara ba mu ga fetur ɗin ba, ba mu ga kuɗin ba, amma mun ga Kawu. Kawu ƙanen Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne malamin gona na yankinmu. Da can a keke yake zuwa mana, ya ɗaure ƙafar wando da tsumma kada sarƙa ta ci. Ran da ya iso a kan sabon babur ja, agogo a hannu, rediyo rataye a kafaɗa yana ta surutu shi kaɗai, Inna ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Daga ranar duk abin da Kawu ya faɗa ya zama karatu. Ko cewa ya yi gero ta kai yake shiga ƙasa, Inna za ta ce ai dama ta daɗe tana zargin haka.

Ni a lokacin ina aure a cikin garin Daura, mijina malamin firamare ne. Da cikin fari ya tsufa aka maido ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Na sauka lafiya a ƙarshen damina, gero ya fid da kai, na sami 'ya mace.

'Yan yanzu, masu ɗaukar hoton jariri tun bai buɗe ido ba, ba za su gane abin da zan faɗa ba. Mu a zamaninmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ki faɗar sunansa, ba ki yi masa wasa, ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, in yana kuka ki kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Ƙofa ɗaya tak aka bar miki, ita ce shayarwa. Sai an kawo miki shi an ce, "Ke, ba shi ya sha," ki ɗan yi noƙe-noƙe don kada a ce ba ki da ta ido, sannan ki karɓa ki juya wa mutane baya. To, a wannan juya bayan nake kallon yarinyar son raina. Na shinshina kanta, na buɗe 'yan yatsunta ɗaya-ɗaya, na ga ta ɗauko kunnuwan ubanta, Allah ya kyauta. Ina sonta har son yana ba ni tsoro, kuma duk duniya ba wanda na isa in faɗa wa.

Inna tana da zabi, garke guda. Ita ke bin daji tana tsinto ƙwansu ta sa wa kaji su kwanta a kai, ita ke tsare 'yan tsakin daga shirwa har su yi zane. Da safe su fita gona suna kwakwazo, da yamma su dawo su haye tsamiyar bayan gida. Baba bai isa ya yanka ko ɗaya ba sai da izininta, izinin kuwa sai Sallah ko baƙon da ya zo daga nesa sosai. Ko ranar sunan yarinyar, da gwaggonnina suka nemi ta ba da biyu a ƙara, cewa ta yi, to ragon da uban ya kawo aikin me zai yi?

Ana cikin haka fara ta sauka. Mutane ba su gama farfaɗowa daga babban farin da aka yi ba, ga gero ya yi kyau a karon farko, ga fara ta zo karɓar rabonta. Hankalin kowa ya tashi. Yara suka shiga gonaki da gwangwanaye suna kaɗawa, malamai suka duƙufa da addu'a, fara kuwa ko a jikinta. Sai ga Kawu a kan babur, bayansa motar gwamnati shaƙe da buhunan wani farin gari mai warin da ke hawa ka. Kuma kyauta! Gwamnatin da ba ta taɓa ba mu ko allura ba, yau ita ce da rabon buhu-buhu. Nan take mutane suka sa wa garin suna hoda.

A jikin kowane buhu akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, sai wani rubutun Turanci ƙanana wanda ko Kawu sai ya kai shi dab da hanci, ya motsa leɓe, ya ajiye. Baba ya nuna hoton da sanda ya ce, "Malamin gona, wannan kan fa, na wane bawan Allah ne?"

Kawu ya yi dariya irin ta masu albashi ya ce, "Alamar ƙarfi ce, Malam. Ana nuna wa ƙwaro makomarsa ne."

Kowa ya gamsu. Ba wanda ya ce, to me ya sa aka zana wa fara kan ɗan Adam.

An ba Kawu kayan kariya daga ofis, wannan kam an ba shi. Abin rufe hancin ya rataye a ƙahon babur don ado. Safar hannu ta roba ya ba Inna, da ita take sauke tukunyar ruwan wankan jegona. Dogayen takalman kuwa sai ranar Juma'a suke fitowa. Hoda da hannu ake ɗibarta, a ƙulle a tsumma, a bi layin gero ana kaɗawa, mutum ya fito daga gona fari fat kamar ya wuni a injin niƙa.

Kuma ta yi aiki, ba zan yi wa hoda ƙarya ba. Fara ta zube. Da mutane suka ga haka sai imani ya ƙaru. Abin da ya kashe fara ai zai kashe kuɗin cizo, aka barbaɗa a gadaje. Zai kashe kwarkwata, aka cuɗa da man shanu aka shafa wa yara a ka. Aka zuba a bakin rumbu saboda gara, aka zuba wa jaki a gyambo. Wani dattijo har tambayar Kawu ya yi ko tana maganin tsutsar ciki, Kawu ya ce wannan sai ya bincika a ofis. Buhun da ya ƙare mata su karkaɗe su zuba garin tuwo.

Abin da ba wanda ya kawo a ransa shi ne zabin Inna ma a gonakin nan suke kiwo. Zabuwar da ta saba wuni tana tsere da fara ɗaya, yau ga fara birjik a ƙasa ba mai tashi. Suka ci, suka ci, har kwakwazon ya gagare su. Da hantsi na fito daga wanka ke nan, jikina yana tururi, sai na ji ihun Inna. Na leƙa ta bakin asabari na ga zabuwa ɗaya a tsakar gida tana juyi wuri ɗaya, wuya a karkace, ta faɗi tana shure-shure. Wata ta faɗo tim daga kan katanga. Inna ba ta tsaya tambayar me ya same su ba. Abin da ta ce shi ne, "Malam! Wuƙa! Za su yi mushe!"

Wanda bai tashi a karkara ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. Dabba ta mutu ba wani abu ba ne, kowa ma zai mutu. Ta mutu ba a yanka ba, wannan ita ce asara biyu, ba rai ba nama. Ga shi mace ba ta yanka. Baba ya fito daga zaure ba hula, wuƙa a hannu, Yayana yana biye da shi da tasa. Suka gama da na tsakar gida suka bazama gona, ana jiyo su daga nesa, nan bisimilla can bisimilla. Baba mai ciwon gwiwa, wanda in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango yana salati, ranar da idona na ga ya tsallake danga. Kafin azahar an jibge garken Inna kusan duka a gindin turmi.

Wasu an same su da sauran rai sosai, wasu kuwa akwai shakka, don haka aka kai maganar gaban liman bayan salla. Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci aka baje ilimi. In jini ya yi tsartuwa, in ta harba ƙafa bayan wuƙa ta wuce, ta halatta. Yaya ya rantse sun harba. Harbi kam sun yi, har sun fi masu lafiya, tunda dama harbin ne ke kashe su. Liman ya amsa daidai abin da aka tambaye shi, ba na ganin laifinsa. Halal ko haram aka ce masa. Duk taron gemun nan ba a sami mutum ɗaya da ya ce, jama'a, abin da ya ka da zabuwa ba zai ka da wanda ya ci zabuwar ba? Shi ma limamin aka kai masa biyu gida.

Inna ta riga ta gano mai laifi. Wata maƙwabciya ce da ta taɓa cewa, "Kai, zabin nan naki sun yi yawa," ba ta ƙara da tubarkalla ba. Da yamma Kawu ya zo jaje. Ya ɗaga ɗaya ta ƙafa, ya juya ta, ya buɗe mata ido kamar likita, ya ce cutar kaji ce, akwai ta a littafi. Ya ɗaure uku a bayan babur ya tafi.

To, wa ya fi kowa cancantar nama a gida? Mai jego mana. Ita ake ɗurawa ta mai da jini, ta yi nono. Inna tana share hawayen zabinta ta ce tunda abin ya zo da haka, gara su shiga cikin 'yarta da jikarta da su shiga cikin 'yan gulma. Gwaggonnina suka ce, "Ke kam kin haihu a sa'a, tsuntsu daga sama gasasshe." Aka yi farfesu, aka gasa da yaji, sauran aka soya ƙarau aka adana a tukunya. Hanta da ƙundu da duk inda kitse yake, nawa ne. Mutanen gida sai wuya da ƙafafu da romo. Matar Yaya, wadda ita ma take goyon ɗa namiji da ya fara zama, fiffike ɗaya ta samu, don suruka a ƙarshen layi take. Ni kuwa safe da rana da yamma, kwano yana tafiya wani yana zuwa. Na ci da daɗi, me zan ɓoye? Akwai wani ɗan ɗaci da wari can ƙarƙashin yajin, da na faɗa Inna ta ce kunun kanwa ne ya ɓata mini baki.

Mutanen gida suka yi ciwon kai da 'yar gudawa, aka ce tumun sabon gero ne. Ni na fara jiri, hannuna yana rawa, harshena ya yi nauyi, aka ce jego ne bai kama ba, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Duk wannan na jure. Yarinyar ce ta tsinka mini zuciya. Ta daina barci, tana zabura ba dalili, in ta sha sai ta dawo da shi, 'yan yatsun nan suna karkarwa, kukanta ya koma siriri. A juya bayan da nake yi ina kallonta na ga idanunta suna kafewa sama, sannan su dawo. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kafin nan ko bayan nan. Kuma dole in miƙa ta ina ɓata fuska in ce, "Ga 'yarku nan, ta ishe ni da kuka."

Asibitin Daura ba nisa, babur ɗin Kawu ma zai kai mu kafin tuwo ya huce. Amma ba a fita da jariri kafin arba'in, kuma manya sun riga sun ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Aka kira ungozoma, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin ƙauyen, har da tawa. Ta dubi yarinya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a kawo ludayi. A gaban Inna da gwaggonnina ta matse nonona a ciki, sannan ta ce a kamo mata tururuwa. Aka kamo ɗaya daga bakin rumbu, rumbun da aka zagaye da hoda. Ƙa'idar gwajin ba wuya. A jefa tururuwa a nonon, in ta yi iyo ta fita nono lafiya lau, in ta mutu mugun nono ne.

Manyan mata, wasu da jikoki, suka haɗa kai a kan ludayi suka zuba wa ƙwaro ido. Ni ma ina leƙe ta kafaɗarsu ina yi mata addu'a a zuci, ni da ban taɓa yi wa tururuwa fatan alheri ba. Ta yi 'yan shure-shure, ta juya sau ɗaya, ta miƙe.

Ni ba likita ba ce. Har yau ban sani ba, nonon ne ya kashe ta, ko hodar bakin rumbu ce ta riga ta gama da ita, ko kuwa nutsewa ta yi kamar yadda kowa zai nutse in an jefa shi a tafkin da ya fi ƙarfinsa. Ungozoma ba ta da irin wannan shakka. Ta zubar da ludayin ta ce, "Mugun nono ne. Gado ne ma, kakarta ta wajen uba haka take." Kakar tawa ta daɗe a ƙasa, ba ta da bakin kare kanta. Inna ta yi ajiyar zuciya, tunda dai an wanke danginta.

A ranar aka ɗauke yarinyar aka kai ta ɗakin matar Yaya, ta haɗa ta da nata ɗan tana shayarwa. Kuma ta warware. Wannan shi ya ƙarasa ni. Cikin 'yan kwanaki amai ya tsaya, zaburar ta tafi, ta fara barci har da minshari. Na yi murna, wallahi na yi, har sujada na yi a bayan ƙyaure inda ba mai ganina. Sai dai duk ƙibar da ta ƙara shaida ce a kaina. Mata masu zuwa dubiya su leƙa ta, su leƙo ni, su ce, "Allah sarki, ashe uwar ce." A makon ne kuma dagaci ya tara jama'a ya yaba wa Kawu saboda ya ceci gero. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ni kuma aka shiga gyaran nono. Saiwoyi masu ɗacin tsiya, hayaƙi, wanki da ruwan ganye, sannan a matse a zubar a gindin danga. Ƙirjina ya cika ya yi tauri, in na jiyo kukanta ta katanga sai in ji rigata ta jiƙe. Sau ɗaya tak na yi magana. Na ce, "Inna, a sake gwadawa mana, ko da wata tururuwar ce."

Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Lallai! 'Yar fari ce fa. Yau na ga rashin kunyar 'yan boko. So kike ki kashe wa mutane 'ya?"

Naman zabi kuwa ba a daina ba ni ba sai da tukunyar ta ga ƙarshe, wai don in sami ƙarfin shan magani.

Mijina ya zo, aka yi masa bayani a zaure, ya ce duk abin da manya suka gani shi ne daidai. Shi ma 'yar fari ce a wurinsa, kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi. Kafin a gama gyaran nonon, nonon ya ƙafe. Bayan arba'in aka yi mini kitso da lalle, aka haɗa mini gara, aka mai da ni Daura da kaya niƙi-niƙi, bayana wayam. Aka ce in an yaye ta in zo in ɗauka. Maƙwabta suna tambaya ina goyon, in ce tana wajen kakanninta, amsar da ba ta ba kowa mamaki ba. In na je ƙauye ganin gida nakan hango ta a bayan matar Yaya, in gaishe da kowa, ita in yi kamar ban gan ta ba.

Kafin a yaye ta na sake haihuwa, namiji, a ɗakina a Daura. Ban bar kowa ya matso kusa da ni da ludayi ba. Yaron ya sha mugun nonon nan har wuyansa ya ɓace don ƙiba. Da labari ya kai ƙauye, ungozoma ta ce ai dama saiwoyinta ba sa ƙarya.

A tsakanin nan gwamnati ta tura Kawu kwas ƙasar Turawa. Ya yi 'yan watanni ya dawo da kwat, da tabarau, da wata sabuwar kalma da yake sa wa a kowace magana kamar gishiri, wato muhalli. Ashe can inda ake yin hodar an daɗe da hana amfani da ita. Wai mutanensu sun cika tituna da kwalaye suna zanga-zanga saboda kifi yana mutuwa a kogunansu, ƙwan shaho kuma ya yi laushi yana fashewa a sheƙa. Suka hana a gida, suka ci gaba da loda wa jiragen ruwa, ƙila a ganinsu shahon ƙasarmu ƙwansa ya fi ƙwari. Kawu ya kafa ƙungiyar kare muhalli, shi ne shugaba, abokin cin tsirensa sakatare. Suka dasa itatuwa a bakin hanya, aka ɗauki hoto, awaki suka rufe taro. Ba na raina abin gaba ɗaya, don yaran da suka taso daga baya sun riƙe shi da gaske, sun buɗe wa mutane ido. Amma a yankinmu wanda ya fara wa'azin shi ne wanda ya kawo buhunan, kuma bai ga wani abin dariya a ciki ba.

Da aka aiko cewa an yaye yarinya, na ɗinka mata riga, na goya ƙanenta, na hau motar kasuwa. Ina shiga gida na tarar da Kawu a tsakar gida kan kujera, an kewaye shi, yana zuba lacca.

"Jahilci ne ke kashe manomanmu," in ji shi. "Maganin nan ba ya mutuwa. Daga ganye ya shiga fara, daga fara ya shiga tsuntsu, daga tsuntsu ya shiga mutum. Masana a can sun same shi har a cikin nonon uwa."

Mutane suka ce, "Ikon Allah! Kai, Bature!" Baba yana ta gyaɗa kai. Ba wanda ya waiwayo ya dube ni.

Ko goyon ban sauke ba na ce, "Kawu, har a nonon uwa?"

"Ƙwarai kuwa, ɗiyata."

"Ko da zabi uwar ta ci?"

Kawu ya cire tabarau ya goge da gefen kwat, ya mayar. Ya ce, "To, ai lokacin ilimin bai iso ba. Kuma ni fara aka turo ni in kashe, ban ce wa kowa ya ci zabi ba."

Na ce, "Uku ka ɗaure a bayan babur, Kawu."

Baba ya daka mini tsawa, "Ke! Kawunki ne fa!"

Kawu ya ɗaga hannu irin na masu yafiya ya ce a ƙyale ni, yarinya ce, abin da ya wuce ya wuce, komai da ƙaddara. Ya duba agogo ya ce yana da taro.

Inna ta tashi ta shige madafi, na bi ta. Na same ta zaune gaban murhun da ba wuta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Hantar ma ke nake ware wa." Iyakar abin da ta taɓa faɗa a kan maganar ke nan har ta koma ga Allah. Na ji tausayinta ƙwarai, haushin kuma bai tafi ba, duka biyun na riƙe. Can ta share ido da gefen zane, ta fito ta ƙwala wa matar Yaya kira ta ce, "Kawo mata 'yarta." Ranar na fara jin wani a gidanmu ya ce yarinyar tawa ce.

Matar Yaya ta fito. Ta riga ta yi mata wanka, ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali, idanunta sun yi ja. Ba ta yi gardama ba, mutuniyar kirki ce, ta shayar da biyu a jiki ɗaya ba ta taɓa gori ba. Yarinyar tana riƙe da gefen zanenta. Na tsuguna, na ajiye kunya a gefe, a gaban Baba da kowa na miƙa hannu biyu na kira sunanta, karo na farko da sunan ya fito daga bakina. Ta dube ni, ta dubi jaririn da ke leƙowa daga bayana, ta zagaya ta ƙanƙame ƙafar matar Yaya.

Aka ɓamɓare ta aka ɗora mini a kafaɗa. Ta riƙa ihu, "Iya! Iya!" tana miƙa hannu baya, har numfashinta yana ɗaukewa. Na daure na kai zaure da ita. A nan na waiwaya na ga matar Yaya tsaye a tsakar gida, ta toshe baki da mayafi kada a ji ta. Ni kuwa na san abin da take ji, ba sai an faɗa mini ba. Na sauke yarinyar, ta ruga da gudu ta koma.

Matar Yaya, don ta gyara abin, ta shafa kanta ta ce, "Haba, ba ki gai da Gwaggo ba? Ce mata sai an jima." Yarinya ta tashi tana ce wa Yayana Baba, to ni ƙanwar ubanta ce, lissafin bai ɓace ba. Ta leƙo da ido ɗaya, tana shessheƙa, ta ce, "Gwaggo, sai an jima." Na bar musu rigar na tafi in tari mota.

Yanzu ita ma ta aurar da 'ya'ya. Ta san komai, tun tana budurwa aka faɗa mata, kuma tana kyautata mini, ba abin da nake nema in rasa. Duk Juma'a takan kira ni a waya ta ce, "Gwaggo, ina wuni, ya ƙafar?" Ni kuma in ce mata da sauƙi.